Suyar Ƙwai Don Karin Kumallo: Daga Zaɓen Ƙwai Zuwa Sauke Kasko

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi da sassafe ya ga yadda ake soya ƙwai cikin abin da bai kai minti uku ba. Mai shayi zai ƙwanƙwasa ƙwai biyu ya tsiyaye su a kofi, ya yayyanka albasa a tafin hannunsa ba tare da ya nemi katako ba, ya murmushe rabin dunƙule da yatsu biyu, ya kaɗa da cokali har kofin yana ƙara, sannan ya juye a kasko. Kafin shayin mai saye ya huce, waina ta riga ta kwanta a tsakiyar burodi. Ganin wannan sauƙi ne yake sa mutane su ɗauka cewa suyar ƙwai ba ta buƙatar koyo, sai sun koma gida sun gwada, sannan su tarar ƙwan ya kama kasko, ko gefensa ya ƙone cikinsa yana ɗanye, ko kuma ya sha mai ya yi tauri kamar fata. Kayan haɗin mai shayi da na ɗan koyo iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne sanin wuta da sanin lokacin sauke kasko, kuma a kan waɗannan biyu bayanin nan zai fi tsayawa, amma sai an fara daga ƙwan kansa.

Zaɓen ƙwai da ajiyarsa

Ƙwai iri uku aka fi samu a kasuwanninmu. Akwai ƙwan kajin gidan gona, wanda ake sayarwa a kiret mai ɗaukar 30, kuma shi ne ya fi girma da sauƙin samu a kowane lokaci na shekara. Akwai ƙwan kajin gida, ƙarami ne amma kwanduwarsa ta fi launi. Sai ƙwan zabi, wanda yake yawaita da damina, mai ɓawo mai tauri da sai an buga shi da ƙarfi yake fashewa. Idan da ƙwan zabi za a yi waina, a lissafa uku a madadin biyu na gidan gona. Launin ɓawo, fari ne ko ja, daga irin kazar yake, ba ya nuna inganci. Launin kwanduwa kuwa daga abincin kazar yake: wadda take kiwo tana tsattsagar ganye da ƙwari, ko wadda ake ba jar masara, kwanduwarta takan fi ta wadda ba ta samun waɗannan ja.

Abin da ya fi irin ƙwai muhimmanci shi ne kwanakinsa. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ta cikinsu ruwan da ke cikin ƙwan yake fita a hankali, iska tana maye gurbinsa a ɓangaren da ya fi faɗi. Wannan ne asalin gwajin da iyayenmu mata suke yi da kwanon ruwa. Ƙwan da ya nutse ya kwanta a ƙasan kwano sabo ne. Wanda ya nutse amma ya miƙe tsaye ya kwana biyu, sai dai yana ciyuwa, kuma shi ya kamata a fara amfani da shi. Wanda ya taso saman ruwa a zubar da shi, ba sai an fasa an tabbatar ba. Haka nan kada arha ta ja mutum ya sayi wanda ɓawonsa ya tsage, domin ta wannan tsagar ƙwayoyin cuta suke shiga.

Ba a wanke ƙwai kafin ajiya. Kaza tana saka shi da wani siririn rufi a jikin ɓawo wanda yake toshe waɗancan ƙofofi, ruwa kuma yana wanke shi. Idan akwai kashin kaza a jiki, a goge da busasshen tsumma, a bar wanki sai lokacin da za a fasa. A jera shi tsininsa yana kallon ƙasa, a wuri mai inuwa nesa da murhu. Firiji yana ƙara masa kwanaki sosai idan wutar lantarki tana tsayawa, amma a inda ake kawowa ana ɗaukewa, ƙwan yakan yi sanyi ya huce ya yi gumi, wannan gumin kuma ya fi zaman waje illa. A irin wannan hali gara a riƙa sayen na mako guda, musamman da bazara, lokacin da zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40.

Kasko da mai

Kasko mai santsin da abinci ba ya kamawa shi ya fi sauƙi ga ɗan koyo, da sharaɗin kada a taɓa shi da cokalin ƙarfe, domin da zarar rufinsa ya kakkarce ya tashi daga aiki. Kaskon dalma ko na baƙin ƙarfe ma yana suya mai kyau idan gindinsa yana da kauri, saboda mai kauri yana raba zafi daidai, siriri kuwa yakan ƙona tsakiya gefe bai nuna ba. Idan da hali a ware kasko guda domin ƙwai kaɗai. Kaskon da aka soya kifi a ciki jiya, ko an wanke shi, sai ƙwan yau ya ba da labari. Girmansa ma abin lura ne: ƙwai biyu ko uku suna son kasko mai faɗin kimanin santimita 20, wato kamar ƙaramin faranti, domin a babban kasko wainar takan baje ta yi siriri ta bushe nan take.

Babban cokali ɗaya na mai ya wadatar wa ƙwai biyu. A nan ne gidaje da yawa suke kuskure, su malala mai kamar za a soya ƙosai, sai ƙwan ya fito yana ɗiga, mai ci kuma ya wuni da nauyin ciki. Man gyaɗa na masu ƙuli-ƙuli yana da ƙamshi, amma yakan yi kumfa kuma yana da ɗan gafi idan ɗanye ne, saboda haka a fara jefa masa yankan albasa ya soyu har ta yi ja, a tsame ta, sannan a yi aiki da shi. Man shanu soyayye, a ganina, babu abin da ya kai shi daɗi a wainar ƙwai, ko da rabin cokali aka haɗa da man gyaɗa. Ɗanyensa da bota kuwa suna da ragowar ruwa da madara, shi ya sa suke saurin ƙonewa, sai a kan wuta kaɗan.

Sanin wuta

Farin ƙwai yana fara daskarewa a zafin da bai wuce digiri 62 zuwa 65 ba, kwanduwa kuma tsakanin 65 da 70. Ruwa sai ya kai wajen 100 yake tafasa, man suyar ƙosai kuma ya ninka abin da ƙwai yake buƙata fiye da sau biyu. Ma'anar wannan ita ce ƙwai yana nuna tun kafin ruwan shayi ya yi kusa da tafasa, kuma duk zafin da ya ƙaru a kan haka matse shi yake yi, ya fitar da ruwan jikinsa, ya bar shi da tauri. Wannan ne dalilin da wainar da ta daɗe a kan wuta take yin tauri a baki kamar roba.

Mai amfani da gas ya tsayar da wuta a tsaka-tsaki, ko ƙasa da haka kaɗan. Mai risho ya rage lagwani har harshen wutar ya zama shuɗi, domin jan harshe yana baƙanta kasko kuma yana sa wa ƙwai warin kalanzir. Mai murhun gawayi ya jira sai garwashi ya ruru ya fara yin toka a sama, idan kuma ya yi yawa ya kwashe wani gefe. Mai itace ya janye itacen ya yi suyarsa a kan garwashin da ya rage bayan an sauke ruwan zafi. Wannan garwashin ya isa ya soya wa gida guda ƙwai.

A ɗora kasko babu komai a ciki kamar minti ɗaya, sannan a zuba mai a jujjuya shi ya game ko'ina. Ana gane mai ya yi ne idan aka jefa ɗan guntun albasa ya fara ƙara a hankali, ƙananan kumfa suna zagaye shi. Idan albasar ta yi shiru, mai bai yi zafi ba, kuma ƙwan da aka zuba a irin wannan mai shi ne yake shan mai yana kama kasko. Idan kuwa hayaƙi ya fara tashi, an wuce wuri. A sauke kaskon ya ɗan huce kafin a zuba komai.

Wainar ƙwai, mataki bayan mataki

Da farko a gama duk yanke-yanke kafin a kunna wuta, domin da zarar ƙwai ya shiga kasko babu sauran lokacin neman wuƙa. Ga ƙwai biyu ko uku, rubu'in albasa madaidaiciya, attaruhu ɗaya ko rabi gwargwadon jurewar masu ci, da ɗan tattasai sun isa. A yanka su ƙanana sosai, attaruhun kuma a jajjaga shi, domin manyan yanka suna yaga waina wajen juyawa. Idan za a sa tumatir, a tsaga shi a cire 'ya'yan da ruwan cikinsa, a yi amfani da tsokar kawai. Ruwan tumatir shi ne babban abin da yake hana waina haɗe jikinta.

Bayan haka sai fasa ƙwai, kuma a nan ina da ƙa'ida guda da ba na sassautawa: kowane ƙwai a fasa shi shi kaɗai a ƙaramin kofi, a duba, a shinshina, sannan a juye shi cikin babban kwano. Na koyi wannan ne wata safiya da na fasa ƙwai biyar lafiyayyu a kwano ɗaya, na shidan ya fito baragurbi, ya tashi da su duka, ya kuma bar wa ɗakin girki warin da ya wuni bai fita ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A buga ƙwan a kan shimfiɗaɗɗen wuri maimakon bakin kwano, domin kaifin baki yana tura ɓawo ciki. Idan guntun ɓawo ya faɗa, a kamfato shi da rabin ɓawon da ke hannu, ya fi yatsa saurin kama shi. Ɗan ɗigon jini a jikin kwanduwa ba lalacewa ba ne, ana cire shi da bakin cokali. Amma idan ƙwan gida ne aka ga jijiyoyin jini sun bazu a ciki, kaza ta fara kwanci a kansa, sai a zubar.

Sai a sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, da rabin dunƙule idan ana so. Dunƙulen a murmushe shi ya zama gari tun a hannu, in ba haka ba zai kwanta a gindin kwano, ya taru a loma ɗaya, mutum ɗaya ya sha gishirin kowa. A kaɗa da cokali mai yatsu kamar rabin minti, har fari da kwanduwa su zama launi ɗaya, idan an ɗaga cokalin kuma ruwan ya zuba ba tare da yauƙi mai kauri ba. Wanda yake son waina mai laushi zai iya ƙara cokali ɗaya na madarar ruwa ko na ruwa zalla, kada ya wuce haka.

Game da kayan miyan, hanya biyu ce. Mai shayi yana zuba su ɗanye cikin ƙwan saboda sauri, kuma yankansa siriri ne. A gida na fi son a fara soya su a cikin man kamar minti ɗaya zuwa biyu, har albasa ta yi laushi ta saki ƙamshi, yajin attaruhu kuma ya ɗan risina, sannan a baza su ko'ina a kasko a kwarara ƙwan a kansu. Ta haka ba a tarar da ɗanyar albasa a cikin nunanniyar waina.

Da ƙwan ya shiga, a karkata kasko ya bazu, a bar shi na ɗan lokaci kada a taɓa. Idan gefe ya fara kamawa, a ɗaga shi da cokalin katako a karkata kasko, ruwan da ke sama ya gangara ƙasa ya samu zafi. A yi haka ta ɓangare biyu ko uku. Lokacin juyawa shi ne sa'ad da saman wainar yake da danshi yana sheƙi amma ya daina gudu idan an karkata kasko. A zura cokali mai faɗi har tsakiya, a juya gaba ɗaya ba tare da ɗar-ɗar ba, domin mai jinkiri a nan shi yake yaga waina. Idan wainar tana da girma, a zame ta a faranti, a kifa kaskon a kai, a juya su tare. Ɗaya gefen ba ya buƙatar fiye da daƙiƙa 20 zuwa 30. A sauke tun ana ganin kamar da saura kaɗan, domin zafin da ke jikinta zai ƙarasa ta a faranti. Wainar da aka bari sai ta yi daidai a kasko, kafin ta isa gaban mai ci ta wuce.

Idan gida mai yawa ne, kada a kaɗa ƙwai goma a juye lokaci guda. A kaɗa su tare, amma a riƙa ɗiba da ludayi ana soyawa kashi-kashi, ana ɗan ɗiga mai tsakanin kowace waina, ana kuma sake motsa kwanon kafin kowane ɗiba domin kayan haɗin suna kwanciya.

Ƙwan da ba a kaɗa ba

Wannan suya tana son sabon ƙwai, domin farinsa yana da kauri yana tsayawa kusa da kwanduwa, na tsoho kuwa yakan malale kamar ruwa. A rage wuta fiye da ta waina. A fasa ƙwan a kofi, a kusantar da bakin kofin daf da mai, a zame shi a hankali don kada kwanduwa ta fashe. Matsalar wannan suya ita ce ƙasa tana nuna sama yana ɗanye, maganinta kuma murfi ne: idan farin ya fara kamawa, a zuba ƙaramin cokali na ruwa a gefen kasko, a rufe na minti ɗaya zuwa biyu, tururi ya dafa saman. Wanda ba shi da murfi ya karkata kasko ya riƙa ɗibar man yana zubawa a kan farin. Gishiri da barkono a ƙarshe ake barbaɗa su.

Yawancinmu ba ma son kwanduwa mai ruwa saboda ƙarni, kuma akwai dalilin lafiya da ya goyi bayan hakan. Ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, mai kawo gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, zafi ne kuma yake kashe ta. Saboda haka ƙwan da za a ba ƙananan yara, mata masu juna biyu, tsofaffi da marasa lafiya, a tabbatar fari da kwanduwa duk sun daskare, ko da sai an juya shi an ƙara masa minti ɗaya. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɓawo, kuma kada a mayar da soyayyen ƙwai cikin kwanon da aka kaɗa ɗanye.

Miyar ƙwai

Ranar da za a karya da dafaffiyar doya ko soyayyen dankali, miyar ƙwai ta fi waina dacewa. A nan ana son tumatir da yawa, kamar uku ga ƙwai huɗu, da mai cokali biyu. A soya albasa, a zuba tumatir da attaruhu da tattasai, a bar su har ruwansu ya ƙone mai ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu. Sai a rage wuta a kwarara kaɗaɗɗen ƙwai, a ƙyale shi kusan minti ɗaya ya fara kamawa kafin a juya a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Wanda ya fara motsawa tun daga zubawa zai samu ƙwai ya dagargaje kamar tsaki, ya ɓace cikin tumatir.

Kai wa gaban masu ci

Ƙwai shi ne na ƙarshe a jerin aikin safe. A fara dafa shayi da citta da kanumfari, ko a dama kunun gyaɗa ko koko, a yanka burodi, a jera kofuna, a kira mutanen gida, sannan a ɗora kasko, domin waina idan ta huce ƙarninta yana dawowa kuma man da ke jikinta yana kwanciya, musamman da hunturu. Dabarar mai shayi ta cancanci a ɗauko ta: a tsaga burodi, a sa wainar a ciki, a mayar cikin kaskon da ke da sauran maiƙo, a danna da bayan cokali har kowane gefe ya ɗan gasu. Gurasa ma tana karɓar wannan gashi, kuma idan aka barbaɗa mata ɗan yajin ƙuli sai ta fi burodin armashi.

Babban ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, shi ya sa wanda ya karya da biyu yakan kai azahar bai ji yunwa ta dame shi ba, kuma shi ya sa yake da amfani a sahur. A da, a wasu gidaje, ana hana yara ƙwai bisa camfin cewa zai koya musu sata. Babu abin da ya haɗa ƙwai da hali, yaro mai tasowa kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa buƙatarsa. Idan za a sa wa ɗan makaranta a kwanon tara, a soya shi ya nuna sosai, a bari tururin ya fita kafin a rufe, kuma a ja masa kunne ya ci da wuri, domin soyayyen ƙwai bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba, balle a lokacin zafi.

Wajen wanke-wanke, kwanon da aka kaɗa ƙwai da cokalinsa a fara ɗauraye su da ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa ragowar ƙwan yake yi ya manne a jiki, daga nan ne kuma ƙarnin da yake bin kofuna da faranti yake samo asali. Bayan ruwan sanyi sai sabulu, idan ƙarnin ya nace a goga ɓarin lemon tsami. Soson da aka wanke su da shi a wanke shi daban kafin ya taɓa kofin shayi. Kaskon kuma a bari ya huce kafin ruwa ya taɓa shi, idan na baƙin ƙarfe ne a busar da shi a kan wuta, a shafa masa ɗigon mai, a kife shi sai gobe.